Harshen da ya shiga fadar gwamnati amma ya fita daga tsakar gida

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina neman alfarmar fili domin in yi magana a kan wani harshe na ƙasar Turai wanda galibin masu karatu ba su taɓa jin amonsa ba, alhali labarinsa ya shafe mu a Jihar Kebbi fiye da yadda ake zato. Harshen shi ne Ayirish, wanda masu shi suke kira Gaeilge, harshen asali na mutanen Ayalan, tsibirin nan da ke yamma da Ingila. Ni tsohon malamin firamare ne a ƙasar Yauri, na shekara 35 ina riƙe da alli kafin in ajiye aiki, kuma abin da ya jawo wannan wasiƙa shi ne wata uku da na yi a birnin Galwe a shekarar 2023, a gidan 'yata da ke aikin jinya a can tare da mijinta.

Tun daga filin jirgin saman Dablin, babban birnin ƙasar, baƙo zai ga kowane allo da rubutu iri biyu, Ayirish a sama, Turanci a ƙasa. Sunan Dablin a allunan hanya Baile Átha Cliath ne, na Galwe kuma Gaillimh. Ɗan sanda Garda ake ce masa, firaminista Taoiseach, majalisar wakilai Dáil, kuma ko mutumin da bai iya haɗa jimla ɗaya da harshen ba, da waɗannan sunaye yake kiransu. Tsarin mulkin ƙasar na 1937, a sashe na 8, ya ce Ayirish shi ne harshen ƙasa kuma harshen hukuma na farko, Turanci na biyu. Da na ga haka sai na ɗauka zan tarar da shi a bakin jama'a kamar yadda ake tarar da Hausa a kasuwar Yelwa. Amma gani ya kori ji. A wata ukun nan na shiga kantuna da motocin haya da wurin shan magani, kuma lokutan da na ji manya biyu suna hira da Ayirish a cikin birnin ba su cika yatsun hannu biyu ba, duk da cewa Galwe tana cikin biranen da aka fi jin harshen.

Jikata, wadda take da shekara takwas a lokacin, kullum sai an koya mata Ayirish a makaranta, domin darasi ne da ke kan kowane yaro daga shiga firamare har gama sakandare, sai wanda aka yi wa uzuri. Ita ce ta koya mini gaisuwarsu, Dia duit, wato Allah ya kasance tare da kai. Halin malanta bai bar ni ba, don haka nakan zauna kusa da ita da dare in duba littafinta, har na ga abubuwan da suka burge ni. Aikatau ne ke fara zuwa a jimlarsu, kamar yadda almajiri ya saba gani a Larabci. Ba su da kalmar mallaka kai tsaye, sai su ce littafi yana wurina, kamar dai yadda Balarabe zai faɗa. Yunwa kuwa cewa suke yi tana kaina. Ba su da i ko a'a, sai dai mai amsa ya maimaita aikatau ɗin tambayar, ya ce na ci ko ban ci ba. Yarinyar tana samun maki mai kyau, amma da zarar ta rufe littafin ta mayar da shi jaka, harshen ya shiga jakar tare da shi, ba za a sake jin sa a bakinta ba sai gobe a aji. Da na tambayi uwayen ƙawayenta, waɗanda 'yan asalin ƙasar ne, da yawansu suka ce su ma haka suka yi shekara 13 ko 14 suna karanta shi, yau kuwa abin da ya rage musu shi ne abin da suke kira cúpla focal, wato 'yan kalmomi kaɗan.

Ruwa ba ya tsami banza. Ayalan ta yi ɗaruruwan shekaru a ƙarƙashin Ingila, kuma a tsawon wannan lokaci Turanci ya zama harshen kotu da filaye da fatauci da aikin gwamnati, Ayirish kuma ya koma harshen talakan ƙauye. Makarantun gwamnati da aka kafa a 1831 da Turanci suke koyarwa. Sannan babbar yunwa ta faɗo a 1845, sa'ad da cuta ta cinye dankalin da talakawa suka dogara da shi, mutum kusan miliyan ɗaya suka mutu, wasu kusan miliyan ɗaya suka yi ƙaura zuwa Amurka da Ingila da sauran wurare, kuma yankunan yamma da suka fi riƙe harshen su ne suka fi jin jiki. Ƙidayar 1851 ta nuna masu jin Ayirish ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na jama'a ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan tarihi shi ne rawar da uwaye suka taka da hannunsu. Akwai wani ɗan itace da ake rataya wa yaro a wuya, suna kiransa bata scóir, duk sa'ad da ya yi Ayirish sai a yi masa tsaga ɗaya, a ƙirga tsagogin a hukunta shi, kuma sau da yawa uwayen ne suke yin tsagar a gida, malami ya yi dukan a makaranta. Ba ƙiyayya ce ta sa su ba. Uwa ta san ɗanta jirgin ruwa zai hau ya tafi neman abinci a ƙasar da Turanci ne kaɗai zai fisshe shi. Hatta Daniel O'Connell, babban jagoran siyasarsu na wancan ƙarni, wanda ya tashi da Ayirish a bakinsa, da Turanci ya fi yi wa taron jama'a jawabi, kuma bai ɓoye ba cewa raguwar harshen ba ta dame shi ba.

Masu kishi sun farka a 1893, lokacin da Douglas Hyde da Eoin MacNeill da abokansu suka kafa ƙungiyar Conradh na Gaeilge, kuma da ƙasar ta sami mulkin kai a 1922 sai sabuwar gwamnati ta ɗora nauyin farfaɗo da harshen a kan makaranta. Shekara ɗari ke nan ana wannan aiki, ga kuma abin da ƙidayar 2022 ta fito da shi. A ƙasa mai mutum miliyan 5 da 'yan kai, mutum 1,873,997 suka ce suna iya Ayirish, wato kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara uku, sai dai fiye da rabinsu sun amsa cewa ba su iya shi sosai ba. Waɗanda suke magana da shi kullum a wajen makaranta kuwa 71,968 ne kacal, ƙasa da 73,803 da aka samu a 2016, alhali shirin gwamnati na shekara 20 da aka fara a 2010 yana neman a kai 250,000 kafin 2030. Duk wanda ya taɓa koyarwa zai fahimci abin da ke tsakanin waɗannan alƙaluma. Makaranta tana iya sa yaro ya san harshe, ya ci jarrabawarsa, amma ba ta da ikon sa shi ya yi wa ƙaninsa faɗa da shi, ko ya yi ciniki da shi, ko ya nemi aure da shi.

Akwai yankunan da harshen bai taɓa yankewa ba, ana kiransu Gaeltacht, yawancinsu a gaɓar tekun yamma, a gundumomin Donegal da Mayo da Galwe da Keri. Wata Asabar surukina ya ɗauke mu a mota zuwa yankin Konamara, inda allunan hanya suka koma Ayirish zalla. Muka tsaya a wani ɗan kanti a ƙauye domin sayen burodi. Dattawa uku suna tsaye a gaban mai kanti suna hira, harshen yana gudu a bakinsu babu tuntuɓe, ya sha bamban da wanda jikata take karantowa a hankali daga littafi. Muna yin sallama sai dukansu suka juya zuwa Turanci domin su karrama baƙi, kuma har muka biya muka fita ba su koma nasu ba. A waje, yara biyar suna buga ƙwallo a jikin katangar dutse, suna kiran juna da Turanci, sai can wata mata ta leƙo ta taga ta kira ɗaya daga cikinsu da Ayirish, ya amsa mata da shi, ya juya ga abokansa ya ci gaba da Turanci. Wani bincike da gwamnatinsu ta sa aka yi, wanda ya fito a 2007, ya nuna cewa idan masu yin harshen kullum suka gaza kashi 67 cikin 100 na mazauna wuri, to harshen ya kama hanyar barin bakin al'ummar. Dalilin a fili yake: kowa a wurin yana jin Turanci, ba kowa ke jin Ayirish ba, don haka mutum ɗaya da ba ya ji ya isa ya juya hirar mutum goma. A duk yankunan Gaeltacht, masu yin harshen kullum a wajen makaranta ba su wuce dubu 20 da 'yan ɗaruruwa ba a 2022.

Ba ina cewa wahalar gwamnatinsu ta tafi a banza ba ne. Da babu doka da makaranta, da mai yiwuwa yau sai a ɗakin ajiye littattafai za a nemi harshen. Sun cire masa rigar ƙasƙanci, suna da dokar harsunan hukuma ta 2003, suna da tashar talabijin ta TG4 da ta fara aiki a 1996, kuma tun 1 ga Janairun 2022 harshen yake da cikakken matsayi a Tarayyar Turai. Sai dai na lura cewa duk inda ya sami sabon rai, jama'a ne suka fara motsawa kafin hukuma ta biyo baya. Gidan rediyon Raidió na Gaeltachta da aka buɗe a 1972 ya samu ne bayan matasan Konamara sun kafa tasu tashar ba tare da lasisi ba a 1970. Makarantun da ake koyar da kowane darasi da Ayirish, waɗanda suka yaɗu a birane tun daga shekarun 1970, uwaye ne suka riƙa haɗa kai suna kafa su. A birnin Belfas na Ayalan ta Arewa, wadda ke ƙarƙashin Birtaniya, wasu 'yan iyalai ƙalilan sun gina gidajensu a layi ɗaya a titin Shaw a 1969, da niyyar 'ya'yansu su tashi suna wasa da Ayirish a ƙofar gida, suka buɗe makarantarsu a 1971, suka yi shekaru suna ɗaukar nauyinta kafin hukuma ta amince da ita.

Wani dare, bayan mun gama aikin gida, jikata ta ɗago kai ta ce, "Kaka, Mama ta ce mahaifiyarka tana da nata yare daban da Hausa. Yaya ake gaisuwa da shi?" Na buɗe baki ban sami abin faɗa ba. Wannan tambaya ce ta hana ni barci, kuma ita ce ainihin dalilin wannan wasiƙa.

Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, daga cikin Gungawa ta fito, mutanen da suke kiran kansu Bareshe, harshensu kuma Tsureshe. A wani gungu na tsakiyar kogin Kwara aka haife ta, cikin garuruwan da ruwa ya shanye bayan an gama madatsar Kainji a 1968, aka kwashe mutanensu zuwa sababbin matsugunai a tudu. Mahaifina Bahaushe ne, ɗan kasuwa a Yelwa. Idan 'yan'uwanta suka zo, Inna takan shige ɗaki da su su yi ta Gunganci suna dariya, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa yi mana shi ba, mu takwas da ta haifa. Idan muka tambaya sai ta ce, "Ku riƙe Hausa da boko, wannan ba zai kai ku ko'ina ba, sai dai a yi muku dariya." A shekarar 2009 ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ta, kuma a makonninta na ƙarshe Hausar da ta yi shekara sittin tana yi ta zame daga bakinta, ba abin da ya rage sai harshen da aka yi mata reno da shi. Muna zagaye da gadonta, tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya tana maimaita magana guda, hawaye yana bin kuncinta, babu mai iya amsa mata. Sai da ƙanwata ta ruga unguwar masunta ta ɗauko wata tsohuwa, wadda ta durƙusa ta kara kunne ta ce mana, cewa take yi a juya ta ta fuskanci ƙofa, kuma a ba ta ruwan randa, na firji yana sa mata sanyi. Kwana biyu ta yi tana roƙon wannan ɗan abu a gaban 'ya'yanta takwas.

Ina kuma da nawa alhakin, wanda nake neman gafarar Allah a kansa. Shekaru da dama a aji na sa monita ya rubuta mini sunayen yaran da suka yi yaren gida, na yi musu bulala, ina ganin gata nake yi musu. Da na ji labarin itacen da ake rataya wa yaran Ayalan a wuya, takardar monitan nan ce ta faɗo mini a rai.

Mu masu jin Hausa mun saba kuka da Turanci, kuma kukan yana da tushe, domin a Birnin Kebbi akwai gidajen ma'aikata da yaro ba ya iya gaida kakarsa da Hausa mai kyau, uwayensa kuma suna alfahari da haka. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Hausa tana da mutane miliyoyi masu yawa, tana da jarida tun Gaskiya Ta Fi Kwabo ta 1939, tana da sashe a BBC tun 1957, tana da kasuwa da wa'azi da waƙa, ba ta cikin haɗarin gushewa yau ko gobe. A jiharmu ita ce take zaune a mazaunin da Turanci yake zaune a Ayalan. Gunganci da Kambarci a ƙasar Yauri, Dakarci da Dukanci da Fakkanci a ƙasar Zuru, Dandanci da Zabarmanci ta wajen Kamba da Argungu, har da Fulatanci a bakin Fulanin da suka zauna cikin gari, duk suna ja da baya a gabanta, wasu a hankali, wasu da sauri. Harsunan Shangawa da Kyangawa sun rage a ƙauyuka ƙalilan. Abin da na gani a kantin Konamara shi nake gani a wurin biki ko zaman makoki a ƙauyukanmu, inda shigowar Bahaushe ɗaya take mayar da zancen kowa Hausa.

Ba na kiran kowa ya ƙi Hausa ko Turanci. Hausa ce ta haɗa masarautun Gwandu da Argungu da Yauri da Zuru a kasuwa ɗaya, kuma yaron da bai iya Turanci ba an rufe masa ƙofofi da yawa. Kuskuren Inna, da na uwayen Ayalan kafin ita, shi ne zaton cewa sai an fitar da harshe ɗaya daga kan yaro kafin wani ya sami wurin zama. Wanda ya san Kamba ya san yaran da suke juya harshe uku ko huɗu tun ba su shiga aji ɗaya ba, ba tare da wani ya zaunar da su ya koya musu ba.

Game da hukuma, a 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da yara da harshen uwa a shekaru shida na firamare, sannan a Nuwamban 2025 Ministan Ilimi ya sanar da janye wannan manufa. Na yi baƙin cikin janyewar, domin na ga yadda yaro yake saurin kama lissafi idan aka bayyana masa da harshen da yake ji. Amma ko da an aiwatar da ita, a yawancin makarantunmu Hausa za a ɗauka a matsayin harshen yankin, kuma labarin Ayalan ya nuna cewa aji shi kaɗai ba ya riƙe harshe. Sashe na 97 na tsarin mulkin 1999 ya bai wa majalisar jiha damar yin zamanta da wani harshe na jihar bayan Turanci, kuma yin amfani da wannan dama ko sau ɗaya a wata zai ɗaga darajar harsunan a idon matasa. Ina roƙon gidan rediyon jiha ya wuce fassarar labarai ta 'yan mintuna, ya ba waɗannan harsuna filin tatsuniya da wasan kwaikwayo da gaishe-gaishe, abin da yara da mata za su saurara da marmari. Ina roƙon Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu su tura ɗalibai ƙauyuka su naɗi maganar tsofaffi tun suna raye. Mutanen Zuru, da suka riƙe bikin Uhola kuma suka yi ƙoƙarin rubuta C'Lela, wato Dakarci, suna da abin da za su koya wa sauranmu. Ina kuma roƙon iyayenmu sarakuna da hakimai, Allah ya ƙara musu lafiya, su riƙa karɓar gaisuwa da ƙara da harshen talakawansu, su nuna ba abin kunya ba ne. Sai dai duk wannan taimako ne kawai ga uwar da za ta ɗauki jaririnta ta yi masa wasa da harshen da aka yi mata, da uban da ba zai hana ta ba.

Tun da na dawo gida nake zuwa wurin wata ƙanwar mahaifiyata da ta rage a wani ƙauye kusa da Birnin Yauri, wadda ta haura shekara tamanin. Nakan je ranar Lahadi da goro da wayata, ɗan jikanta yana yi mana tafinta, ina naɗar muryarta. Zuwa yanzu mun tattara sunayen kifaye da sassan kwalekwale da kalmomin noman albasa a bakin ruwa, da waƙoƙin daka guda huɗu, ɗaya daga cikinsu na gane ta tun a baitin farko domin Inna takan yi ta ƙasa-ƙasa idan tana tankaɗe. Na tura wa jikata gaisuwar safe ta WhatsApp da muryar tsohuwar, ta haddace ta maido mini. Idan akwai mai karatu, Bagunge ko Bakambare ko waninsu, da yake da tsohon kaset ko rubutu na waɗannan harsuna a ajiye, ina roƙon ya sanar ta hannun wannan jarida domin mu kwafa mu adana, kuma a shirye nake in bi shi har gida idan damina ta ɗauke hanya ta yi kyau.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Tsohon malamin firamare,
Yelwan Yauri, Jihar Kebbi.